Awon Makara a Lungunmu

Sana'ata dillancin filaye da gidaje. Da tsohon kwano na fara, da ƙyaure da tagar da aka ɓamɓaro daga gidajen da ake rushewa, ina shanya su a bakin kasuwa, har Allah Ya kai ni ga sayar da ƙasa. Tef ba ya barin motata. In na tsaya a fili a Tirwun ko Yelwa, tun kafin a ja igiya na san ko ya cika ko an ci masa ƙafa biyu. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka wani sakarai ne ya yi abin da zan ba da labari. Mutum ne da yake ganin ya san ƙasa.

Lungunmu a cikin gari yake. Daga bakin titi, ta gefen wani ƙaramin masallaci ake shigarsa, kuma faɗinsa bai wuce mutum biyu su jera ba. Sau uku yake karyawa kafin ya ƙare a ƙofar gidan Goggo, yayar babana. Daga nan babu hanya, sai dai ka juyo.

Mutum huɗu ne suka sari wurin: kakana, da wani marini, da wani baduku, da malamin da jikansa yake limancin masallacin yanzu. Kakana bafatake ne, yana kai gishiri da kanwa ƙauyukan kudu a kan jakuna, ya dawo da auduga da dawa. Ban riske shi ba. Abin da na riska na zamaninsu shi ne dutsen dokin ƙofar gidan marina, wanda har yau in ruwan sama ya wanke shi sai shuɗin baba ya fito, da ƙarfen da ake ɗaure jakuna a zaurenmu, da kuma kwanonin lungun, wato wuraren da yake karyawa.

Duk kwana ukun nan ba mai kaifi. Katangar takan zo a miƙe, sai ta lanƙwashe ciki ta bar fili kamar rabin ƙwarya. Tamu, ta biyu in kana shigowa, ita ce mafi zurfi. Awaki ne suke kwanciya a wurin. Muna yara mun ɗauka mutanen da ne ba su iya miƙe gini ba, kuma na girma da wannan tunanin, ba wanda ya taɓa gyara mini shi.

Bayan rasuwar babana, 'yan'uwana suka bar mini gyaran gaban gidan, don kowace damina sai katangar ƙasar ta zubo. Na ja tef, na duba takarda, na ga rabin ƙwaryar nan tamu ce. Idona bai ga komai ba sai shago. Na kira birkilan da muka daɗe muna aiki tare, wani Kirista mutumin Bogoro, wanda ya gaji ginin wajen babansa. Ya zagaya kwanar, ya tsuguna, ya miƙe, ya ce, "Alhaji, tsofaffin nan ba sa barin ƙasa a banza. Babana ya yi aiki a cikin gari. In ya ga irin wannan, ba ya sa mata diga sai ya tambayi masu wuri."

Na ce, "To ga mai wuri a gabanka. Tambaye ni."

Ya yi dariya ya ce, "Ni dai na faɗa."

Muka miƙe kwanar tsaf. Ban ci ko taku ɗaya na hanya ba, na bar mata faɗin da take da shi a ko'ina. Maƙwabta suna wucewa suna cewa Allah Ya sanya albarka. Dattawan da za su hana ni duk sun riga mu gidan gaskiya.

Gini ya kai tsawon ƙofa sai ga taubashina, ɗan Goggo, tsohon direban babbar mota, wanda ba mu taɓa haɗuwa bai tsokane ni ba. Ya ce, "Mai cin ƙasa, tsohuwa tana kira. Ka zo da hularka a hannu."

Goggo ta haura tamanin da yawa a lokacin. Gwiwa ta hana ta fita shekaru, amma ba abin da ake yi a lungun da ba ya zuwa kunnenta. Na same ta a kan tabarma a bakin ɗakinta, tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Dillali, an ce ka gyara mana kwana."

Na ce, "Na gyara, Goggo. Ta miƙe sarai."

"Madalla. To ta ina za ku fitar da ni?"

Na ɗauka asibiti take nufi. Na ce ai ko a kujera sai mu ɗauke ta zuwa bakin titi, ga mota.

"Asibitin me? Ni da asibiti mun yi sallama. Ranar da za ku ɗauke ni a kafaɗa nake tambaya."

Ta ajiye carbin ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce farkon wanda ya rasu a lungun nan uwar marinin ce. Lokacin kwanonin suna da kaifi. Da aka zo fita da ita, makara ta ƙi juyawa, sai da aka ɗaga kai aka karkata ta, gawar ta zame har ƙafarta ta fito daga tabarma a gaban jama'a. Mutum huɗun nan da suka sari wurin suka dawo daga maƙabarta ba mai iya kallon idon wani. Kafin sadakar bakwai kowane mai kwana ya rushe katangarsa ya ja ta baya. Kuma suka yi alkawari cewa duk wanda zai ɗora ƙasa a kwana, sai ya aro makarar masallaci, shi da kansa ya kwanta a kai, mutum huɗu su ɗauke shi daga ƙuryar lungu zuwa baki. Inda kafaɗa ta goga, a ja katanga.

"Na gani da idona," in ji ta. "Shekarar da ruwa ya ci katangarku, ban wuce a aike ni ɗebo wuta ba. Kakanka ya cire rawani ya miƙa wa uwata, ya kwanta."

Na ce, "Me ya sa sai shi? Ai ko buhu aka ɗora ya wadatar."

"Buhu zai faɗa maka an karkata shi?"

Ban saba barin ciniki tun a tayin farko ba. Na ce, "Goggo, ko da ta matse, ɗan karkatawa ne kawai a wuce."

Ta dube ni sama da ƙasa. "A karkata ka dai. Ta nan aka fitar da ubana da uwata da mijina, a miƙe, ba wanda ya girgiza. Ta nan aka fitar da ubanka, kana riƙe da gaba. Ka ji wani abu ya tare ka?"

Ban ji ba. Ƙofar zaurenmu tana bayan kwanar, lalle ta nan muka bi da shi, amma ko kaɗan ban tuna mun karya wata kwana ba.

Duk da haka na tafi masallaci da tef. Makarar tana jingine a rumfar baya, ta ƙarfe ce yanzu, ba ta gwangwala irin ta da ba. Na auna tsawonta da faɗinta, na auna kwanar, na zana a ƙasa. Awo ya nuna za ta wuce, har da ɗan saura. Na koma na shaida wa Goggo, ina jin daɗi.

Ta ce, "Tef ɗin naka yana da kafaɗa?"

Ranar Asabar da hantsi muka yi awon. Da na je aro, liman ya ce ya tuna mahaifinsa ya taɓa ambata wani abu mai kama da haka, a ɗauka. Masu ɗauka su ne taubashina, da ƙanena, da jikan marini, da jikan baduku. Birkila ya tsaya a kwana da gawayi a hannu. Goggo ta sa aka kawo ta bakin zaurenta a kan tabarma. Mata suna leƙe ta bayan ƙyaure.

Taubashina ya ce, "Cire hular, can ba a zuwa da ita. Makullin mota kuma miƙo shi nan tun da sauran hankalinka."

Na kwanta. Ƙarfen da sanyi. Da suka kama, taubashin nawa ya yi nishi ya ce, "Kai! Wannan nauyi haka, duk filayen bayin Allah ne?"

Aka yi dariya, har da ni. Amma ana ɗora ni a kafaɗa dariyar ta ɗauke, ba wanda ya ce a yi shiru.

A lungun nan aka haife ni, ban taɓa ganinsa daga ƙasa zuwa sama ba sai ranar. Sararin sama ya zama siriri kamar ƙyallen saƙi tsakanin katangu. Indararo suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Can sama, inda hannun yara ba ya kaiwa, na ga shatin yatsun waɗanda suka yi yaɓe, biyar biyar, a jere, na mutanen da ba wanda ya san kabarinsu yanzu. Ba na jin komai sai takun mutum huɗu da numfashinsu. Na tuna kowa na gidanmu ya bi wannan hanyar a haka, fuska sama, ni kaɗai ne nake bin ta da ido buɗe, ni da kakana.

Muka iso kwanar gidan marina, wadda ba a taɓa ba. Ban san mun shige ta ba sai da na ga sama ta juya a hankali. Ba wanda ya rage taku, ba wanda ya sauya kafaɗa. Katangar ta kauce mana kamar ta san da zuwanmu.

Sai tawa. Ƙarfen gaba ya daki bulo, ƙau, har cikin haƙorana. Suka ja baya suka sake gwadawa. Makarar kanta tana iya wucewa, yadda tef ya faɗa, amma babu inda mutumin hagu zai sa jikinsa. Ƙanena ya matse da bango har rigarsa ta yage. Jikan baduku ya ce, "A ɗaga kai, a kwantar da ita dama." Suka ɗaga, suka karkata. Na ji bayana ya fara zamewa, hannuwana suka cafke ƙarfen gefe ba da shawarata ba.

Taubashina yana daidai kunnena. Babu wasa a muryarsa ya ce, "Saki. Tsohuwa ba za ta riƙe ba."

Na saki. Na zame har dugadugaina suka fita daga makarar suna lilo a iska. Suka sauke ni da sauri. Na zauna a ƙasa a tsakiyar lungu, babbar riga duk ƙura. Na ce wa birkila, "Kawo guduma."

Bai ce ai ya faɗa ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda wannan. Ya fara sauke bulo. In ya rage layi, sai in koma in kwanta, a ɗauko ni daga ƙofar Goggo, inda kafaɗa ta goga ya ja gawayi. Sau biyar na hau makara a yinin nan. A na biyar na wuce ban motsa ba.

Da la'asar yana haƙa sabon tushe a kan layin gawayin, digarsa ta daki dutse. Ya share ƙasa da hannu, ya ci gaba da sharewa, sannan ya kira ni. Tsohon tushen kakana ne, duwatsu jere a lanƙwashe, waɗanda muka binne da muka cike wurin. Layin gawayin yana kwance a kansu daga farko har ƙarshe, bai kauce da faɗin yatsa ba. Birkila ya cire hularsa ta aiki ya riƙe a hannu. Mu duka muka tsaya muna kallon duwatsun nan. Na yi shekaru ina auna ƙasa, ban taɓa ganin awon da ya kai wannan ba, kuma waɗanda suka yi shi da kafaɗunsu suka yi.

Na je na faɗa wa Goggo. Ba ta tambayi duwatsu ba. Ta ce, "Da aka karkata, ka riƙe?"

Na ce, "Na riƙe, Goggo."

Ta yi 'yar dariya. "Kakanka ma ya riƙe a karon farko. Har ya yi salati da ƙarfi, uwata ta yi shekara tana yi masa tsiya."

Shagon da ya rage bai ɗauki komai ba sai tela ɗaya da kekensa. Awaki suka dawo wurinsu.

Goggo ta ƙara damina biyu. Ta rasu wata Talata da safe, aka yi mata sutura kafin azahar. Na ce a bar mini gaba ta hagu, wurin da rigar ƙanena ta yage, taubashina yana bayana. Tun daga ƙofarta na ƙudura zan sa ido in ga yadda za mu wuce kwanar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Muna tafe ina jin kukan mata yana nisa, ina yi mata addu'a, ina tuna muryarta tana ce mini dillali. Sai da muka sauke ta a ƙofar masallaci, liman ya matso, sannan na tuna ban ji lokacin da muka karya kwanar ba.