Irin Yakuwar Inna a Hatta

Shekarar da na kawo Inna Dubai bayan rasuwar mahaifina, abinci ne ya fara haɗa mu rigima. Ta zauna a benenmu na Bur Dubai tana tsakurar shinkafa, ta ce ganyen garin nan duk ɗanɗanon ruwa yake. A bakin zanenta kuwa akwai ƙullin irin yakuwa daga bayan ɗakin Baba, kuma iyakar abin da ya rage ke nan. Na sa a raina ni zan shuka shi, ni zan ɗora mata ganyen a cinya.

A garin Hatta, can wajen birnin Dubai, wani Balarabe yana da gandu mai tafki, yana yanka wa mutane 'yan filaye suna lambu. Na kama ɗaya. Na kusa da nawa na wani Bazazzage ne a zatona, ashe mutumin Maraɗi ne, ɗan kasuwa kamar ni, yana tura tayoyi gida. Kullum fara'a, kullum “voilà” ɗinsa ta Faransanci. Tun ranar farko bai kwanta min ba.

Ni na yi abin da na tashi na ga ana yi a Kano. Na jira sanyi ya wuce, ranar Maris ta fara cizo, sannan na yi huɗa dogaye, na shuka rabin irin a bisa tudun, kai ka ce hadari nake jira. Shi tun cikin sanyi ya shuka, a kwarin fangali inda ruwa ke kwanciya. Lokacin da yakuwata ke leƙowa 'yar firit, ramarsa ta kai ƙugu, tumatirinsa ya yi ja har yana ba ni haushi.

Duk Lahadi nake tuƙo mu. In shimfiɗa wa Inna tabarma a bakin tafkin, ni in koma in duƙa. Tana son tsuntsayen. Ga belbela, ga wani zalɓe da ke tsayawa da ƙafa ɗaya kamar an aike shi ya manta saƙon, ga agwagin ruwa da 'ya'yansu a jere. Shi kuwa Bamaraɗen, da yake lambunsa ya gama kama kansa, sai ya wanke hannu ya je ya tsugunna gefenta. Ina jiyo su.

“Inna, ga wancan ya nutse, voilà, ya fito da kifi.”

“Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Kai dai hannunka na da kyau.”

Ɗana. Ni ɗan fari ne, tunda nake Inna ba ta taɓa kama sunana ba, balle yabo. Alkunya ce, na sani, haka aka rene ta. A bakinta ni “wannan” ne, ko “kai”. Amma sanin bai hana ni jin zafi ba. Ga ni da furfura a gemu, ina caccakar ƙasa ina kishin mai sayar da taya. Ko sallamarsa da ƙyar nake amsawa.

Kafin Afrilu ya raba, rana ta gama da ni. Tudun huɗar ya bushe ƙayau, yakuwar ta langaɓe ta ƙone. Na ce ba komai, akwai sauran rabi a wurin Inna, zan sa rumfa in sake.

Ranar da na zo da ragar inuwa, ina cikin kafa sanduna, na hango Inna tana kwance bakin zanenta. Na yar da sandar na nufo su, har ina miƙa hannu. Sai ta juye irin kaf a tafin Bamaraɗen.

Na ce, “Inna, irin Baba ne fa.”

Ba ta dube ni ba. Idonta na kan zalɓen, kuma da shi Bamaraɗen take magana.

“Ka adana, in lokacinsa ya yi ka shuka. Wannan kuwa ka bar min shi ya zauna. Ban hawo jirgi don in riƙa kallon ƙeyarsa ba.”

Bamaraɗen ya ce to, ya tashi sum-sum ya ba mu wuri. Na tsaya da ƙasa a hannu ban san inda zan sa kaina ba. Ta ɗan muskuta, ta janye gefen mayafinta daga kan tabarmar. Na zauna.

Sauran Lahadin bazarar nan a wurin na yi su. Ba ma wata hira, sai dai ta nuna da haɓa ta ce, “Ga zalɓen nan can ya dawo.” Filina ya koma fako, ban ko waiwaye shi ba.

Da sanyi ya zagayo Bamaraɗen ya kawo yakuwa cike da leda har ƙofar gida. Ta yi kyau, kuma har yau ina jin haushin kyan da ta yi. Inna ta yi miya, ta sa masa albarka ta kai minti nawa. Da ya tafi, ta turo min kwanon da ta fi cikawa.