Mahaucin da Ya Sayi Gadon Katako a Fatakwal

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku mahauci. Har yau in na bi ta layin masu nama a kasuwar Mile One, sai wani dattijo ya tare ni ya ce, "Ke ce 'yar Mai Gado?" In yi dariya in amsa, don ban taɓa jin kunyar wannan laƙabi ba.

Wanda bai zauna Kudu ba ba zai gane abin tsokanar ba. Mutanenmu da ke zuwa nan neman abinci ba sa sayen abin da ya fi ƙarfin ɗauka. Tabarma, katifar soso, buta, sai jaka a rataye jikin ƙusa. Ka tambayi mutum yaushe zai koma gida, ya ce, "Bana, in na samu." Ka dawo bayan furfura ta cika masa gemu, amsar tana nan inda ka bar ta. Babu mai faɗin abin da zai samu, balle ya gane ranar da ya same shi. Iyali kuwa kullum suna kan hanya. Damina ta faɗi a tura su Arewa, a ji ƙishin-ƙishin ɗin rikici a tura su, kasuwa ta yi sanyi a tura su. Haka yayata Binta ta yi ta maimaita aji guda tsakanin nan da ƙauyenmu, har ta gaji ta ajiye karatun.

Abin da ya sami Binta ya ci wa Baba rai ƙwarai. Ina ƙarama sai ga shi wata rana da rana tsaka, masu baro na biye da shi da wani ƙaton gadon katako da sai da aka cire ƙyaure kafin ya shiga ɗaki. Unguwa ta ɗauka. Abokan sana'arsa suka same shi bayan la'asar suka ce, "Isiyaku, ka yafe gida ke nan?" Ya ce, "Gida yana nan, ba inda za shi. Ni dai yanzu na san abin da na zo nema." Ya nuna ni. "Makarantar da Uwata ta shiga, a nan za ta gama. Ranar da na ga yara suna ce mata malama, na samu."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Kuma bai faɗi maganar don daɗin baki ba. Baba mutum ne mai taurin kai, Allah Ya jiƙansa, mahaifiyarmu ta sha kuka da shi. Lokacin da aka yi ta lodin mata da yara a manyan motoci saboda jita-jita, kulle mu ya yi a ɗaki ya zauna a bakin ƙofa. Filinsa na ƙauye ya zama wurin kiwon awakin maƙwabta, sa'o'insa kuwa suka yi gine-ginen bulo, dangi suna ta yi masa habaici. Bai musa cewa ya yi asara ba. Cewa yake shi ya zaɓi asarar da hannunsa. Ya ga ranar da yake jira kuwa, ya tsaya a bayan tagar ajin da nake koyarwa da warin mayanka a rigarsa, yana ta murmushi. Ina kewarsa, ba kaɗan ba.

Da zai leƙo yau, na san abin da zai ba shi haushi. Samarinmu sun koma kan okada da keke, kowa da waya a hannu, amma ka tambaye su sai su ce suna buga-buga. Tsohuwar amsar ce aka sake wa riga.

Har cikin ɗakina ta shigo a bana. Kuɗin haya ya tashi, cinikin albasar maigidana ya ja baya, sai ya ce a tura yara ƙauye kafin abubuwa su gyaru. Babbar 'yarmu Hafsat tana ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawa na gabanta. In ta tafi, na san ba za ta rubuta ba. Na ce, "Baban Hafsat, su gyaru su zama yaya? Faɗa mini abin da za mu gani da ido mu ce a dawo da su." Ba mugu ba ne, abin da ya taso ya gani ke nan. Washegari ya ce in fara haɗa kaya, ya samo mana ɗaki ɗaya a bayan masallaci, ƙarami amma kusa da makarantarta. Hafsat ta dube ni ta ce, "Mama, so I no dey go?" Na ce ba inda za ki sai kin ajiye alƙalami.

Baba bai bar mana gida ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bari shi ne mutum ya kira abin da yake so da sunansa, ya kuma yarda da abin da zai rasa saboda shi. Yanzu mu shida muke kwana a ɗaki guda, zafi kamar tanda, kuma kullum da safe Hafsat tana saka kayan makaranta ta fita.