Katangar Kawu Sakiusa

Kawuna Sakiusa masunci ne, kuma tun ina goye nake ganinsa da dutse a kafaɗa. Shekarar da teku ta fara leƙowa ɗakin girkinsa, ba wanda ya taɓa jin maganar sauyin yanayi a ƙauyenmu. Shi dai ya ga ruwan gishiri ya kashe masa gwaza, sai ya fara jera duwatsu a gaban gida. Duk ranar da ruwa ya janye zai ɗauko biyu ko uku daga bakin rafi. Shekara ashirin da shida yana haka, har katangar ta kai ƙirjin mutum.

Gidan da ke jikin nasa na Ulaiasi ne, taubashinsa, wanda mu a nan tsibirin Vanua Levu muke ce wa tavale. Wata guda aka haife su, amma duk abin da za a raba a duniya hannun Ulaiasi yake fara faɗawa. Shi aka ɗauka ƙungiyar ƙwallon lardi, shi ya shiga soja ya ga ƙasashe, ya dawo da agogo da ciwon gwiwa. Ko tsakuwa bai taɓa ɗagawa ba. Yana kishingiɗe a tabarma zai ɗago kai:

"Tavale, ka rage wa rafi nasa mana. Ko kabarinka kake ginawa tun yanzu?"

"Ni dai in na mutu a busasshiyar ƙasa za a sa ni," in ji Kawu. "Kai kuwa sai an jefa taru."

Shekara huɗu da suka wuce majalisar lardi ta kafa kwamiti a kan ambaliyar teku. Sun daɗe suna ja, wasu na cewa hanya ce gaba, wasu na cewa asibiti, kafin a yarda a fara da ƙauyukan gaɓa. Aka turo mana wata injiniya mai suna Kalesi, ta yi kwana biyar tana awo, don a san gidan da za a fara mayarwa kan tudu. Kawu ya bi ta ko'ina. Ya nuna mata inda ruwa ya tsaya a kowace shekara, ya dafa mata kaguwa. A ransa ya gama yanke cewa wanda ya fi kowa wahala da teku shi za a fara kira.

Ni ce mai rubuta bayanin taron ƙauye, don haka ina zaune kusa da mai gari ranar da aka karanta jerin. Gidaje ashirin da uku. Na ɗaya, Ulaiasi. Kawu ya zo na goma sha bakwai.

Ya tafa hannu ya nemi izinin magana.

"Ranka ya daɗe, ina so 'yar nan ta faɗa mini da wane ido ta auna. Gidana da nasa taku goma ne."

Kalesi ta sunkuyar da kai. "Baba, katangarka ce ta tsare ka. In igiyar ruwa ta doke ta, sai ta karkata ta ci gindin gidan maƙwabcinka. Shi ya sa nasa ya fi shiga haɗari."

Sai Ulaiasi ya kwashe da dariya har yana riƙe gwiwa.

"Allah ya saka da alheri, tavale! Ashe duk shekarun nan gida kake gina mini ban sani ba."

Kowa ya yi dariya, don tsakanin taubasai ba a fushi. Kawu ma ya buɗe haƙora. Amma na ga yadda ya damƙe gefen tabarma, kuma daga ranar ya daina zama da maza wurin shan yaqona, jiƙon saiwar da muke sha a ƙoƙo.

Kishi ya ci shi sosai. Motar da ta kawo kwanon rufin sabon gidan Ulaiasi, sai da ya ƙirga fallayen daga nesa. Da aka sauke tankin ruwa ya ce ai irin mai tsagewa ne. Manyan majalisa in sun zo, gaban rusasshen gidan Ulaiasi suke tsayawa a ɗauki hoto, su wuce katangarsa ba ko kallo. Ya rame. Kifi ya daina yi masa daɗi.

Wata safiya na je karɓar garwashi, na tarar da shi a kan katangar yana ture duwatsun sama ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Vasemaca ta fito da wuƙar fere rogo a hannu.

"Baban Litiana, me nake gani?"

"Tunda malalaci ake so, ni ma zan zama."

"To. Amma ka fara fitar da gadona da tukwanena. Ka tsaya kai kaɗai ruwa ya same ka, sai su ba ka lamba ɗaya."

Ya tsaya yana haki, dutse a hannu. Ya daɗe yana kallon gidan Ulaiasi, inda ruwa ya rarake ƙarƙashin matakala har tana lilo. Ban san abin da ya gani ba. Ya dai sauko, ya mayar da guda bakwai ɗin da ya ture.

Sai da Ulaiasi ya yi wata takwas a kan tudu kafin Kawu ya yarda ya hau, shi ma don jikar Ulaiasi aka yi wa baftisma. Ya zagaya gidan sau biyu, ya ƙwanƙwasa bango, ya buɗe famfo ya rufe. Ulaiasi ya miƙa masa ƙoƙon yaqona.

"Yaya ka gani, magini?"

"Ƙofa ta kalli inda bai dace ba," in ji Kawu, ya shanye.

Yanzu duk zaman da kwamiti zai yi a garin lardi, yana shiga motar safe da zaninsa na coci, ya zauna a layin gaba yana tambayar dalilin da ya sa aikin yake tafiyar hawainiya. An kai gida na goma sha ɗaya. Makon jiya ya ja ni kan tudu ya nuna mini filin da yake so in rubuta masa. Tsagwaron dutse ne, ga nisa da famfo, amma yana sama da na Ulaiasi, daidai inda zai riƙa kallon rufinsa daga baranda.