Kaset ɗin Juma'a a aljihun Malam

Jama'a, wannan a kaina ya faru, wallahi ba ƙari. Shekarun baya na yi aiki a wani ofishin adana irin shuka a Funtua, inda ake rubuta kowane irin dawa da masara da manoman garuruwan Ƙarfi da Tsiga suka kawo, da sunan mai shi da gonarsa. Duk bayanan suna cikin babbar kwamfuta, ita kuma tana kwafe su kan kaset a wani akwati mai ɗan hannun ƙarfe a ciki, shi ke canza kaset ɗin da kansa.

Malam Lawal ne ya koya min aikin, Allah ya jiƙansa, ina son mutumin nan kamar ubana. Sarkin Garaje yake kirana. Duk Juma'a sai ya zare kaset ɗaya, ya rubuta kwanan wata da biro, ya jefa a aljihu ya tafi da shi gida, wai manomi ba ya zuba irinsa a rumbu ɗaya. Ni ko in ta yi masa dariya.

Bayan rasuwarsa na sake faifan ajiyar bayanai na kwamfutar, na sake saitin akwatin cikin gaggawa, ban ko gwada ba. Wata uku da haka aradu ta ƙone kwamfutar. Na duba kaset-kaset ɗin, wayam! Ashe tun ranar ba abin da suke kwafewa, kuma wajen sake saitin na shafe tsofaffin bayanan da ke kansu. Aikin shekaru ya tafi, nawa aikin ma zai bi shi. Na zauna na yi kuka.

Kashegari da hantsi sai ga Hajiya, matar Malam, da ƙulli a leda. Ta ce, "Ɗana, zan ba da rigunansa sadaka na tsinci wannan a aljihun rigarsa ta Juma'a. Abin mamaki, ni na wanke rigar nan bayan arba'in, ba komai a ciki."

Na saka kaset ɗin. Komai na nan, har irin da aka kawo makon jiya. Na juya bayansa, rubutun Malam ne, kwanan watan kuwa na Juma'ar da ta wuce, a ƙasa an ƙara: "Na Sarkin Garaje."

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, kuma ban san wa zan tambaya ba. Ku dai ku riƙa gwada abin da kuka ajiye, kuma ku riƙa yi wa waɗanda suka koya muku aiki addu'a. Ni yanzu duk Juma'a da kaset a aljihu nake zuwa masallaci.