Na'urar da ke Cewa Lahiya

Duk wanda ya san Gummi ya san shagon Rabe mai kwamfuta, ko da bai taɓa shiga ba. Mutum ne siriri, mai taurin kai, wanda ya fi yarda da na'ura a kan ɗan'adam. In ka tambaye shi dalili sai ya ce na'ura ba ta mantuwa. Ni kuwa na ce wauta ma ba ta mantuwa, amma bari mu bi labarin a hankali.

An haife shi a wani ɗan ƙauye bayan Yargalma. Tsaransa suka bi haƙar zinariya, shi ya tafi Gusau ya koyo kwamfuta. Abin da ya rage masa a ƙauyen mutum biyu ne: Innarsa mai ciwon ƙafa, da ƙanwarsa Lauratu da ke aure a can. Ya yi ya yi Inna ta dawo Gummi saboda 'yan bindiga, ta ce ba ta barin ɗakinta. Kullum fargabarsa kenan, kada wani abu ya same ta bai ji ba.

Ƙauyen kuma ba sabis, sai a saman wata tsamiya. To, nan Rabe ya nuna gwaninta. Ya ɗaure 'yan akwatunan waifai biyu masu kamo intanet a reshe, kowanne da sim ɗinsa, ya ja musu wuta daga sola. A shagon cajin mijin Lauratu ya ajiye wata tsohuwar kwamfuta, ya rubuta mata ɗan umarni da bai wuce layi goma sha bakwai ba. Aikinta kawai ta gwada waifai na farko, in bai kama ba ta koma na biyu, in ya kama ta bar wa mutane su yi kira, sannan ta turo wa Rabe kalma ɗaya a waya. Bayan awa guda ta sake. Kalmar da ya zaɓa ita ce wadda Inna ke amsa gaisuwa da ita: lahiya.

Ranar da ya gama, Lauratu ta ce, "Yaya, ka sa wani abu da ni ka dannawa mana, in mun kwan lahiya."

"Ke da ka mance gishiri a miya?" ya ce yana dariya. "Bar ta, ita ta san aikinta."

Shekara biyu abin na tafiya kamar ruwa. Da farko saƙon na nufin kwamfuta na aiki. Sannu a hankali Rabe ya riƙa karanta shi a matsayin Inna na nan ƙalau, har ya rage kira. Ga shi ɗan Hausa, ya san mutum na kan tabarmar jinya zai ce maka lafiya lau, amma bai taɓa zargin na'urar da shi ya koya mata wannan amsar ba.

Wata damina, kwana tara ba wanda ya ɗaga kiransa daga ƙauye. Ransa ya so tashi, sai waya ta yi ƙara, ya duba ya ga lahiya, ya ce ƙila aikin gona ne ya riƙe su. Rana ta goma da hantsi Lauratu ta tsaya a ƙofar shago, ba takalmi, goyo a baya.

"Ina Inna?"

"Kwana tara ke nan da munka gudu, Yaya. Mu munka goya ta. Kwana ukku muna bakin hanya muna jiran ko ka aiko da mashin. Can tac cika, can munka rufe ta."

Bai yi kuka a lokacin ba. Wallahi da ya yi da ya fi sauƙin kallo.

Ƙauyen yanzu ba kowa, hanyar kuma ba ta biyuwa. 'Yan bindigar da suka kwashe shanu da hatsi ba su ɗaga kai sun dubi tsamiya ba, shagon cajin ma ba su kula shi ba. Rana na fitowa, sola na caji, layi goma sha bakwai na zagayensu. Rabe ya daina rubuta wa kowa umarni, hoton fasfo kawai yake ɗauka. Lauratu ta roƙe shi ya bar data ta ƙare, abin ya mutu su huta. Ya ce to.

Amma duk ƙarshen wata sai ya saka wa sim ɗin data a ɓoye, don na'urar nan ita kaɗai ta rage mai magana a garinsu. Kowace awa wayarsa na motsi a aljihu, ya ciro ya duba.

Lahiya.