Ranar da Muka Hau Ruwa da Baba

Rashin lafiya ne ya kawo Baba London. A Kano aka gano masa wani ƙulli a hanji, muka ce ya taho nan a sake dubawa. Wani asibiti a Marylebone suka ɗebi ɗan nama daga wurin suka kai gwaji, suka ce za su kira idan sakamako ya fito. Lambata na ba su, don Baba ba ya jin Turancin mutanen nan, in ji shi haɗiye rabin magana suke yi.

Tun daga ranar wayata ta zama abin tsoro. Ko banɗaki zan shiga tana hannuna. Baba kuwa ya daina fita ko ƙofar flat ɗinmu na Camberwell. Yakan zauna bakin taga da carbi yana kallon bas-bas, abinci sai na yi ta lallashi.

Ina da wata ƙawa 'yar Jos, Kirista, da muka yi karatun jinya tare. A Dagenham suke zaune ita da mijinta, direban bas. Ta zo gaishe da Baba, ta ga yadda ya rame, ta ja ni kicin.

"Wannan zaman zai kashe shi kafin ciwon," ta ce. "Maigidana ya yi booking ɗin jirgin ruwa ranar Laraba. Mu fita da shi ya sha iska."

Na ce idan asibiti suka kira fa? Ta ce ai wayar ba ta tsoron ruwa.

Ban so ba. Ban iya ruwa ba, Baba ma haka, ga 'yata mai shekara tara da ba ta iya zama wuri ɗaya. Maigidana yana aiki ranar. Ina fatan Baba zai ƙi, sai kawai ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa.

Jirgin ƙarami ne mai aiki da batir, da tebur a tsakiya da benci kewaye, kai za ka tuƙa abinka. A Paddington muka hau. Da Baba ya ɗaga ƙafa zai shiga, jirgin ya yi tangaɗi. Mijin ƙawata ya rungumo shi ta ƙugu ya zaunar da shi a hankali. Muka ɗaura masa rigar ceto a kan babbar riga, 'yata ta yi ta dariya, shi ma ya ɗan murmusa.

Tafiyar ba ta fi ta mai ƙafa sauri ba. Ruwan kore ne, ba ka ganin ƙasansa. Gefe da gefe dogayen jirage ne siriri da mutane ke kwana a ciki, da tukwanen furanni da kekuna a kan rufinsu. Mijin ƙawata yana riƙe da sandar tuƙi yana yi wa Baba bayani da Hausarsa ta Jos: da hannu aka haƙa wannan kanal, wato hanyar ruwan, tun kafin zuwan jirgin ƙasa, dawakai ne ke tafiya a bakin ruwa suna jan jiragen gawayi da igiya. Baba yana gyaɗa kai. Ni dai hannu ɗaya na riƙe rigar 'yata, don ta dage sai ta taɓa agwagwa, ɗaya hannun yana kan waya.

Can gaba sai ga baki wuluk na wani rami da aka huda ƙarƙashin titi, ruwan ya shige ciki. Faɗinsa na jirgi ɗaya ne, sai ka leƙa ka tabbatar babu mai tahowa. Muna saka hancin jirgi ciki wayar ta yi ƙara.

Likitan ne da kansa. Ya tambaya ko ni ce 'yar majinyacin, na ce ni ce. Ya ce sakamako ya fito, yana so ya yi min bayani. Daga nan muryarsa ta fara yankewa, sai shiru. Sabis ya ɗauke.

"Ka koma baya!" na ce wa mijin ƙawata. "Don Allah ka koma!"

"Ba zai yiwu ba, Maman yarinya. Akwai jirgi a bayanmu."

Duhu ya rufe mu. Sanyi ya sauko, ruwa yana ɗiga daga rufin bulo a kan gyalena. Can nesa ana hango haske kamar bakin kwalba, kuma ba ya matsowa. Jirgin ya gogi bango, ƙarar ta cika ramin, 'yata ta ƙanƙame ni tana cewa, "Mummy, I don't like it." Ina ta danna wayar kamar dannawa za ta kawo sabis. A cikin duhun nan babu irin maganar da ban ji likitan ya faɗa ba a zuciyata. Har na fara tunanin yadda zan kira yayyena a gida.

Sai na ji hannun Baba a kan gwiwata.

"Su ne?"

"Su ne, Baba."

"To, ki bari mu fita. Abin da yake a takardarsu ba zai canja ba kafin mu kai can."

Da muka fito na kira, layi a cike. Na sake kira, wata mata ta ce likita ya shiga ganin wani, zai neme ni. Muka wuce manyan gidaje farare masu lambu har bakin ruwa, muka wuce ta gefen gidan namun daji. Ƙawata ta buɗe kular masa da miyar taushe da ta yi tun safe, babu wanda ya kai hannu. Ta matso ta riƙe min hannu, leɓenta yana motsi, na san addu'a take yi irin tasu.

Muna shirin juyawa likitan ya kira. Na toshe kunne ɗaya na saurara. Ya ce ciwon daji ne, amma ƙarami, kuma hoton da suka ɗauka bai nuna ya bazu ba. Za a yi aiki a cire. Mu zo gobe da safe.

Na ajiye wayar. Kowa yana kallona. Na fara neman yadda zan sassauta maganar.

"Faɗa min yadda ya faɗa," in ji Baba. "Ni ba yaro ba ne."

Na faɗa masa duka. Ya kalli ruwa. Sai ya ce, "Alhamdulillahi. Ashe akwai abin yi." Ya tambaya ko azahar ta yi. Da alwalarsa tun daga gida. 'Yata ta nemo masa alƙibla a waya, mijin ƙawata ya rage gudu ya riƙe jirgin ya miƙe sak don kada ya juya da shi. A zaune ya yi sallarsa, da rigar ceto a jikinsa, masu keke suna wucewa a bakin ruwa. Ni kuwa sai a lokacin kuka ya zo min, na juya baya don kada ya gani.

An yi masa aikin cikin watan. Ya sha wuya, ya daɗe bai iya miƙewa sosai ba, kuma hankalina bai kwanta ba sai da na ga ya fara faɗa a kan gishirin miya. Kafin sanyi ya shigo ya koma Kano. Har yanzu yana zuwa a duba shi, kuma duk zuwa, daga filin jirgi yake tambayar yaushe za a kai shi Dagenham ya gaida mutanensa.