Motar da Ba Ta Wuce Tsamiya

In an yi girbi, a ƙauyenmu da ke gabashin Ɗambatta, bayan sallar magariba sai kakarmu Iya ta hura wutar kara a tsakar gida, ta zube mana gyaɗa mu yi ta ɓara. Wanda bai cika ƙwaryarsa ba, ba shi ba tatsuniya. Har yau ina kewar ƙamshin hayaƙin nan da ke kama mayafinta.

Akwai wadda ba ma gajiya da ita. Sai ta gyara zama ta ce, "To ga ta nan, mai gyangyaɗi ya ji a salansa."

Wai wani direba ne mai tsohuwar akori-kura, ya jingine ta duk damina saboda hanya ta ɓaci. Rannan aka aiko wa matarsa cewa mahaifiyarta na kwance a Shanono, tana ta kiran sunanta. Matar ta ce ko a jaki ne ta tafi. Ya ce, "Ina da mota matata ta hau jaki? Allah ya kiyaye!"

Suka kama hanya. Suna isa wata babbar tsamiya sai inji ya yi tari ya mutu. Iya kan kwaikwayi tarin har mu faɗi don dariya. Direba ya kwance kafireta, ya busa 'yan ƙofofinta, ya kankare fulogi, ya zuƙi fetur da baki. Sai da rana ta faɗi motar ta tashi, tsoro ya sa suka juya gida. Washegari ma haka, daidai gindin tsamiyar. Mutane suka ce ai aljanun wurin ne ba sa son ƙarar inji. Ya yi turare, ya canja kafireta, duk a banza. Matar dai kullum ƙullin kayanta na kan cinya.

"Kun san aljanin?" in ji Iya. "Zanzaro ne! Ya yi ɗakinsa na laka a 'yar ƙofar murfin tanki. Iska ba ta shiga, fetur ba ya sauka. Ku ma a toshe muku hanci mu ga iya inda za ku kai."

Wai da ya buɗe murfin don ƙara mai, sai tankin ya ja numfashi. Ya tsokale lakar da tsinke, suka wuce tsamiya a guje. Suka tarar da tsohuwa zaune tana shan fura, tana faɗan sun daɗe. Iya ta kakkaɓe zani ta ce, "Ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa."

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne a duba ƙaramin abu kafin a kwance babba. Ya kuma yi mini amfani a kan tawa motar.

Sai a zaman makokin Iya na ba Baffa, ƙanin mahaifina, labarin, ina murmushi. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ai motar kakanka ce, matar kuwa Iya ce. Sun isa an dawo daga maƙabarta."

Shekara da shekaru tana zaunar da mu tana kai kanta Shanono a kan lokaci, mu kuwa muna ta roƙon ta sake yin tarin injin. Da ma a ba ni maraice ɗaya in koma gefenta, ko gyaɗa ɗaya ba zan ɓare ba. Hannunta kawai zan riƙe har mu wuce tsamiyar.